Zaɓen kyamara da gidanta don ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku

Yawancin masu sha'awar wannan harka da kyamara suke farawa. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi wadda ake yayi, sannan ya dawo neman gidan da zai saka ta ya shiga ruwa da ita. A nan yake gano cewa kuɗin gidan ya kai na kyamarar ko ya wuce, lensin da ke hannunsa ba ya aiki da kyau a ruwa, kuma ko an harhaɗa komai hoton shuɗi yake fitowa saboda babu fitila. Tsarin da ya dace daga ƙasa yake tasowa: me za ka ɗauka, wane lensi da wace taga (gilashin gaban gidan) ke ɗaukarsa, wace fitila za ta haska shi, wane kamfani ke ƙera gidan da ke karɓar waɗannan, sai a ƙarshe wace kyamara ce ke shiga gidan. A duk kayan, kyamara ce ta fi saurin tsufa, kuma ita ce mafi ƙarancin tasiri a kan kyan hoton.

Bari mu ɗauki Bahar Maliya a matsayin ma'auni, tunda ruwanta garai ne, ana iya hangen mita 20 zuwa 30 a rana mai kyau, kuma tana da duk abin da mai hoto ke nema: katangun murjani a Ras Muhammad ta Masar, jirgin Thistlegorm da aka nutsar a 1941 yana kwance a zurfin kusan mita 30 da babura da motoci a cikinsa, da jirgin Umbria da ya nutse a 1940 daf da Port Sudan. Gishirinta ma ya fi na yawancin tekuna, kusan giram 40 a lita maimakon 35, don haka kayan da suka jure mata za su jure wa ko'ina.

Sharaɗi ɗaya kafin a taɓa aljihu: sai ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa da numfashinka kaɗai, ba ka hawa ba ka sauka, ba ka dafa komai ba. Wanda bai kai nan ba, babbar kyamara za ta ɗauke masa hankali daga agogon iska da na zurfi, ƙafafunsa su tada yashi su ɓata hoton, ko su karya murjanin da ya yi shekaru yana girma.

Abin da ruwa ke yi wa haske

Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja yana dushewa tun kusan mita 5, ruwan lemo ya bi shi wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, a ƙarshe shuɗi ne ke saura. Ƙananan kifayen nan masu launin lemo da ke cika bakin murjani a Bahar Maliya, a zurfin mita 15 toka-toka za ka gan su, sai ka haska su sannan launinsu ya dawo. Abin da mutane ke mantawa shi ne, lissafin na duk tafiyar hasken ne. Idan kifi yana nesa da kai mita 2, hasken filasha zai je mita 2 ya dawo mita 2, ya zama 4, jan da ke ciki ya kusa ƙarewa. Shi ya sa komai ƙarfin fitila, aikinta na gaskiya bai wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ga kuma ƙura da ƙananan halittu da ke yawo a ruwan, waɗanda ke rage kaifin hoto gwargwadon nisan da ke tsakani.

Daga nan ƙa'idar sana'ar ta fito: matsa kusa, ka ƙara matsawa. Lensi iri biyu ne ke ba da damar haka, mai faɗi sosai wanda zai ɗauke babban abu daga nisan kamu biyu ko uku, da na makiro wanda ke cika hoto da abu mai girman ɗan yatsa. Lensin da ke jawo nesa, wanda ake alfahari da shi a tudu, ba shi da aiki a nan.

Taga da lensi

Taga ita ce gilashin da ke gaban gida, wanda lensi ke leƙawa ta cikinsa. Iri biyu ce, shafaffiya da mai kubba, kuma rashin fahimtar bambancinsu ya fi komai ɓata hotunan masu farawa.

Haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke cikin gida. Ta shafaffiyar taga abu yana ƙara girma da kusan kashi 33 cikin 100, fagen da lensi ke gani kuma ya ragu. Lensi mai milimita 28 da ke ganin digiri 75 a tudu, digiri 54 kawai zai gani a ruwa, gefunan hoton su miƙe, launuka su rarrabu a bakin abubuwa. Ga mai ɗaukar makiro wannan riba ce, domin lensi mai milimita 60 zai yi aiki kamar mai 80, kuma tsakiyar gilashin kawai yake amfani da ita. Don haka makiro da shafaffiyar taga ake yinsa.

Lensi mai faɗi kuwa sai kubba. Kubba tana dawo masa da cikakken faɗinsa, amma tana da nata sharaɗin. A cikin ruwa ita kanta lensi take zama, tana ƙirƙirar wani hoto na bogi ɗan ƙarami a gabanta, kuma wannan hoton lensinka ke saitawa a kai, wato shi yake daidaitawa ya fito da kaifi. Abin da ke can nesa yana bayyana a tazarar da ta ninka rabin faɗin da'irar kubbar sau uku daga fuskarta. Idan rabin faɗin santimita 10 ne, duk teku tana cikin santimita 30 daga gilashin. Idan ƙaramar kubba ce mai rabin faɗi santimita 5, komai na cikin santimita 15. Lensin da ba ya iya saiti a kusa haka ba zai kama komai ba, ko da ya fi kowane tsada. Kafin ka sayi lensi don kubba, duba mafi ƙarancin nisan da yake iya saiti. Idan ya haura santimita 28 zuwa 30, za ka sha wahala.

Matsala ta biyu, hoton bogin nan a lanƙwashe yake, alhali an ƙera lensi ya ga abu a shimfiɗe. Sakamakon shi ne tsakiya ta yi kaifi, kusurwoyi su yi dishi-dishi. Maganinsa biyu: babbar kubba, da tsuke ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi a cikin lensi, wadda ke ƙara tsukewa gwargwadon girman lambar f. Lensi irin mai milimita 16-35 a kan babbar kyamara yana buƙatar kubba mai faɗin milimita 230 da ƙofar haske f/13 ko f/16 kafin kusurwoyi su gyaru. Wannan kubba kaɗai tana cinye rabin jakar tafiya.

Shi ya sa lensin idon kifi ya mamaye wannan fage. Yana ganin digiri 180 daga kusurwa zuwa kusurwa, yana saiti a santimita 10 zuwa 16 daga sansa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), yana jituwa da lanƙwasar kubba, kuma yana aiki ko da ƙarama mai milimita 100 ko 140. Lanƙwasa layuka da yake yi ba ya damun kowa a gaban murjani, tunda babu miƙaƙƙen layi a can. A cikin jirgi irin Thistlegorm ne za ka ga ƙarafa sun ɗan lanƙwashe, kuma ko a nan da yawa sun fi son sa saboda wurin a matse yake. Tokina 10-17 ya daɗe yana riƙe da masu matsakaicin sansa, Canon da Nikon kowanne yana da 8-15, Olympus da Panasonic suna da milimita 8. A makiro kuma akwai 60 na Olympus da na Nikon, 90 na Sony, 100 na Canon, 105 na Nikon. Mai 60 ya fi sauƙin saiti kuma ya fi dacewa da ruwa mai duhu. Mai 100 yana ba ka tazara daga kifi mai tsoro.

Tsakanin gida da kubba akan saka zoben ƙari, domin sai idon lensi ya zauna daidai tsakiyar da'irar kubbar. Idan zoben ya gaza, kusurwoyi su lalace. Idan ya yi tsawo, baƙi ya bayyana a gefunan hoto. Kowane kamfanin gida yana wallafa jadawalin da ke nuna wane lensi ke tafiya da wace taga da zobe mai milimita nawa. Ka buɗe jadawalin nan tun kafin ka sayi komai. Lensin da ba ya ciki, ka ɗauka babu shi.

Kubba ko ta akirilik ce, wato roba mai tauri garai, ko ta gilashi. Akirilik ba nauyi, ba tsada, yana saurin karcewa amma ana goge shi, kuma ruwa yana cike ƙananan karce na waje har ba a ganinsu. Karce na ciki ne ke fitowa a hoto, don haka kada a goge cikin kubba da tsumma mai kaushi. Gilashi ya fi jure karce, ruwa ya fi saurin zamewa daga kansa idan kana hoton rabi sama rabi ƙasa, amma in ya karce shi ke nan. Mai farawa ya ɗauki akirilik.

Akwai hanya ta uku da ta yi ƙarfi a shekarun nan: lensin da ake ɗaurawa a waje, a gaban shafaffiyar taga, wanda tun asali don ruwa aka ƙera shi. WWL-1 na Nauticam, alal misali, yana mai da lensi mai milimita 28 ya ga digiri 130, kusurwoyinsa kuma sun fi na kubba kaifi a buɗaɗɗiyar ƙofar haske. Ana iya cire shi a cikin ruwa a maƙala na makiro. Illarsa nauyi, da kumfar iska da ke maƙalewa tsakaninsa da taga; da zarar ka shiga ruwa sai ka kwance shi, ka kore kumfar, ka mayar.

Fitila

Idan kuɗi ya gaza, a rage daga kyamara a ƙara a fitila. Ƙaramar kyamara da filasha biyu masu kyau za ta doke babba marar fitila a kowane zurfi da ya wuce mita 5.

Filasha ake nufi, mai walƙiya sau ɗaya. Fitilar bidiyo mai ci gaba da haske tana da amfaninta, amma a cikin kashi ɗaya bisa 200 na daƙiƙa hasken da take bayarwa bai kama ƙafar na filasha ba, kuma da rana a ruwa marar zurfi hasken rana yana danne ta. Abin dubawa a filasha: faɗin haskenta ya kai digiri 100 ko fiye, ta sake cika cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa, maɓallin ƙarfinta ya juyu da safar hannu. Inon Z-330 da Sea & Sea YS-D3 suna aiki da batir AA guda huɗu, waɗanda ake samu ko'ina; a yi amfani da masu caji irin Eneloop, saiti biyu ga kowace fitila. Ikelite da Retra suna da masu zagayayyen kwan fitila, haskensu ya fi laushi da yaɗuwa, sun kuma fi nauyi. Makiro yana yiwuwa da fitila ɗaya, idon kifi sai biyu.

Haɗa fitila da kyamara ko ta igiyar haske ne ko ta wayar lantarki. Igiyar haske ba ta huda gida: ƙaramar filashar kyamara, ko wata 'yar na'ura mai ƙwan haske da ke zaune a kanta, tana walƙiya a bayan gilashi, igiyar ta kai saƙon. Babu ƙofar da ruwa zai bi. Wayar lantarki tana da zoben roba a kowane baki, ga ƙananan ƙusoshi da gishiri ke ci. Igiyar haske ce zaɓina, a riƙe guda ta ajiya saboda takan karye a inda ta lanƙwashe.

Fararen ɗige-ɗigen da ke cika hotunan masu farawa ƙurar ruwa ce da fitila ta haska a gaban lensi. Dalilin da ya sa ake ɗora fitilu a kan dogayen hannaye ke nan. Ga idon kifi, kowane gefe gaɓa biyu, misali mai santimita 20 da mai 30, da maƙalai uku. Fitilun su koma bayan layin kubba, su kalli gaba ko su ɗan karkata waje, ta yadda gefen haskensu ne kawai ke taɓa abin da ake ɗauka, ruwan da ke tsakani ya zauna a duhu. Da ka matsa kusa sai ka jawo su ciki. Wurin farawa da lensi mai faɗi: ƙofar haske f/11, shata (labulen da ke buɗewa haske ya shiga) a 1/125 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin hasken sansa) 200 zuwa 400, fitilu a rabin ƙarfi. Saurin shata ne ke ƙayyade duhun shuɗin baya, ƙarfin fitila ke ƙayyade hasken gaba. A makiro, f/16 zuwa f/22, ISO mafi ƙasa, da shata mafi sauri da filasha ke iya bi, wanda a yawancin kyamarori 1/200 ne ko 1/250.

Sai kyamara

Yanzu aka zo kanta. Abin da ake buƙata ba shi da yawa: ta ba ka ikon juya ƙofar haske da shata da ISO da hannunka, ta ajiye hoto a RAW, wato ɗanye yadda sansa ta ɗauka, don gyaran launi, ta iya saiti a wuri mai ƙarancin haske, batirinta ya kai nutso biyu ba a buɗe gida ba. Wannan na ƙarshe ya fi yawan megafiksel muhimmanci, domin kowace buɗewa a kan jirgin ruwa dama ce ga yashi da ɗigon ruwa.

Tough TG-7 ta OM System tana shiga mita 15 ba gida, da gidanta PT-059 tana kai 45. Tana saiti a santimita ɗaya, don haka makiro ɗinta abin mamaki ne, kuma in ruwa ya shiga gidan ba ta mutuwa. Amma sansarta ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ta ba ka cikakken iko a kan shata. Makaranta ce mai kyau, wanda ya ɗauki abin da gaske zai wuce ta. Jerin RX100 na Sony suna da sansa mai milimita 13.2 da 8.8 da cikakken iko. A kula, samfurin VI da VII lensinsu yana miƙewa da tsawo, wanda ke tilasta doguwar taga ya kuma wahalar da lensin waje. VA ta fi sauƙin sha'ani a ruwa.

Ga mai son lensi mai cirewa, sansa uku ce: mai milimita 17.3 da 13 ta Olympus da Panasonic, matsakaiciya mai kusan 23.5 da 15.6, da babba mai 36 da 24. A tudu babba ce sarauniya. A ruwa lissafin ya sauya, domin babbar sansa tana jawo babban lensi, babban lensi ya jawo babbar kubba, zurfin abin da ke fitowa da kaifi ya ragu, sai ka tsuke ƙofar haske, ka ɗaga ISO, ribar da ka saya da tsada ta zube. Wanda zai buga hoto mai girman bango ko yake sayar wa mujallu yana da hujja. Sauran mutane, ƙarama ko matsakaiciya ta ishe su, kuma bayansu zai gode musu a filin jirgi.

Gida

Kowace mita 10 a teku tana ƙara matsi da bar ɗaya, wato kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A mita 30, murfin baya mai santimita 15 da 12 yana ɗauke da sama da kilo 500. Masu nutson nishaɗi iyakarsu mita 40 ce, saboda haka gidan da aka rubuta masa 40 yana aiki ne a bakin iyakarsa. Maɓallansa sukan yi tauri ko su danne da kansu. A nemi mai 60 ko fiye.

Gidajen folikabonet, wato roba mai tauri, irin na Ikelite da ake ƙerawa a Amurka, suna kai mita 60, kuɗinsu da sauƙi, kuma murfin bayansu garai ne, kana ganin zoben roba da duk ɗigon da ya shiga. Na alminiyam, irin Nauticam na Hong Kong, Aquatica na Kanada, Isotta na Italiya, Subal da Seacam na Ostiriya, sun fi ƙarfi, da yawansu suna kai mita 100, kuma an jera maɓallansu a inda yatsa ke kaiwa ba tare da an saki mariƙi ba. Wannan shi ne abin da ake biya a gaskiya. Kifi ba ya jira ka nemo maɓalli. Idan da hali ka riƙe gidan a hannu kafin saye, ka gwada ko ɗan alinka yana kai wa shata, babban yatsa yana kai wa maɓallin saiti na baya, kana juya ƙofar haske ido na kan allo.

Yawancin gidaje na samfurin kyamara ɗaya ne tak. Ka sauya kyamara, ka sauya gida. Abin da ke bin ka shekaru shi ne tagogi, zobba, fitilu da hannaye, kuma tagar wani kamfani ba ta shiga gidan wani sai da mahaɗi. Ko a kamfani ɗaya akwai girma daban-daban, kamar N85 da N100 da N120 na Nauticam. Zaɓen kamfani kamar aure ne, rabuwa da tsada. Wannan kuma ya buɗe wata ƙofa: duk lokacin da sabuwar kyamara ta fito, gidan tsohuwar yana faɗuwa warwas a kasuwar na-hannu. Kyamara mai shekara huɗu da gidanta na alminiyam sau da yawa sun fi sabuwa a gidan araha. A na-hannu a duba ko kowane maɓalli yana dawowa da kansa, ko akwai farin gari a gindin sukurori, ko akwai karce a ramin zoben roba, a kuma tambayi yaushe aka sauya ƙananan zobban maɓallai.

Zoben roba da famfon zuƙe iska

Ba kasafai gida ke fashewa ba. Abin da ke shigar da ruwa gashi ɗaya ne, ko ƙwayar yashi, ko zobe da ya fita daga raminsa lokacin rufewa. Ga yadda ake yi. A zauna a wuri mai haske, a kan tebur mai tsabta, ba gaggawa, zai fi kyau tun daren jiya. A matsa zoben da yatsu biyu har ya ɗago, ko a zaro shi da gefen katin roba. Ban da wuƙa, ban da allura. A goge ramin da soso marar zare, irin na kwalliya, domin auduga tana barin zare. A ja zoben tsakanin yatsu ana jin ko akwai tsaga ko yashi. A shafa giris ɗan kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa, har ya yi sheƙi kawai. Giris ba ya tare ruwa, aikinsa ya bar zoben ya zame ya zauna. In ya yi yawa sai ya tara datti. A yi amfani da wanda kamfanin ya bayar, domin giris ɗin silikon yana kumbura zoben da aka yi da silikon. Wanda ke shirya kaya a ɗaki lokacin hunturu ya rufe tagogin ɗakin ya kashe fanka, zobe mai maiƙo yana kwasar ƙura cikin minti ɗaya.

Famfon zuƙe iska ba abin da za a yi wa rowa ba ne. Bayan an rufe gida, ana zuƙe iskar ciki ta wani bawul har fitilar gwaji ta koma kore, a bar shi minti 15 zuwa 20. Idan ta ci gaba da kore, gida ya rufu. Idan ta sauya, akwai inda iska ke shiga, kuma nan ruwa zai bi. Zuƙewar tana kuma matse zobba tun a tudu, wanda ke da muhimmanci saboda a saman ruwa, inda babu matsin da zai danne murfi, a nan gida ya fi rauni. Kada a manta mayar da murfin bawul ɗin.

Sabon gida, ko wanda ya dawo daga gyara, a fara shiga da shi ba kyamara: a cusa takarda mai laushi da ɗan nauyi a nannaɗe, a sauka da shi mita 10 ko fiye, a danna kowane maɓalli. Kafin nan kwamin wanka na otal ya isa gwajin farko da koyon jera fitilu. Ruwan Wikki a Yankari ma garai yake, ga ɗumi kusan digiri 31, wuri ne mai kyau na koyon kubba, sai dai rashin zurfinsa ba zai gwada matsi ba.

Gumi a cikin taga daga danshin iskar da aka rufe yake zuwa. Gida ya yi zafi a rana, ya shiga ruwa mai sanyi, danshin ya kwanta a wuri mafi sanyi. A gidan alminiyam bango ne ke fara sanyi, sai gumin ya tafi can. A na folikabonet gilashin taga ne, daidai gaban lensi. A rufe gida a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, a saka ƙunshin silika mai shanye danshi ɗaya ko biyu inda ba za su shiga bakin murfi ba, a kan jirgi kuma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a inuwa.

Nauyi a ruwa ma abin aunawa ne. A haɗa komai, a rataya a sikelin jaka, a nutsar a baho. Ana son ya rinjaya ƙasa da giram 100 zuwa 300. In ya fi haka a ƙara hannaye masu iska ko kumfa mai tauri. Kumfa mai laushi tana matsewa a zurfi ta daina ɗagawa. Babbar kubbar akirilik tana ɗaga gaba sama ta gajiyar da wuyan hannu, kayan makiro kuma suna nutsa da ka, don haka kowane haɗi da nasa gyaran.

Ba a tsalle cikin ruwa da kyamara a hannu. Ka shiga, a miƙo maka, ka maƙala igiyarta a rigarka. Bayan fitowa a tsoma ta a ruwan daɗi ana danna maɓallai, kana riƙe da ita. Kada a bar ta a bahon wanke kaya na jirgi, inda wasu ke jefa nasu a kai, kubba ta karce, makulli ya buɗe. Da yamma a jiƙa ta minti 20 zuwa 30. Gishirin da ya bushe a gindin maɓalli yana zama ƙanƙara mai kaifi ya yanka zobe. Yawancin gidajen alminiyam suna da 'yan guntayen zinki a ƙasa waɗanda gishiri ke ci a madadin jikin gidan. Idan sun cinye a sauya. A busar da gida da gashin kai da hannu kafin buɗewa, a buɗe murfin yana kallon ƙasa. Ramin batirin filasha ma zobe gare shi, kuma tunda kullum ake buɗe shi, ya fi gidan kansa yawan shan ruwa.

Wajen tafiya, batiran litiyam a jakar hannu suke tafiya, kamfanonin jiragen sama suna barin masu ƙarfin da bai wuce 100Wh ba. Kada a rufe gida ruf a hau jirgin sama da shi: a cire babban zoben a saka a leda, ko a bar taga a cire, in ba haka ba bambancin matsi zai iya hana shi buɗuwa. A ɗauki zobba na ajiya ga gida da taga da fitilu, da giris, da igiyar haske, da maƙali ɗaya, domin ba a kowane gari ake samunsu ba.

Idan ƙararrawar danshi da ke cikin gida, mai sanar da shigar ruwa, ta yi kuka a ƙarƙashin ruwa, juya gidan taga ta kalli ƙasa domin ruwan ya taru nesa da kyamara, ka yi wa abokin nutsonka alama, ku hau a hankali yadda aka saba, da tsayawar minti uku a mita 5. Ba a gudu sama saboda kyamara. A kan jirgi a cire batir da katin memori nan take, kada a kunna don a ga ko tana aiki. Katin yakan tsira idan aka ɗauraye shi da ruwan daɗi aka bar shi ya bushe. Gidan a wanke cikinsa da ruwan daɗi, a cire na'urar ƙararrawa a busar, sannan a nemo ta inda ruwan ya bi kafin a sake saka wata kyamara a ciki.